Yadda Ake Shirya Fim Mai Dogon Zango Kan Ciwon Cikin Gida

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga matasan marubuta da masu son shiga harkar fim ita ce: ina da labarin matar da ta sha azaba a gidan aure, ko na yaron da ya tashi a hannun matar uba, ta ina zan fara har ya zama shirin da za a riƙa kallo mako-mako? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda nake bin su. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: irin wannan shiri, nauyinsa ba a wurin duka ko kuka yake ba, yana wurin yadda mutum ke ci gaba da rayuwa bayan abin ya faru. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

1. Zaɓi ciwo ɗaya

Sabon marubuci yakan ɗora wa jarumarsa komai: marainiya ce, an yi mata auren dole, mijin mashayi ne, kishiya ta yi mata asiri, ɗanta ya ɓata. Kafin kashi na huɗu mai kallo ya daina jin tausayinta, domin ta tashi daga mutum ta koma buhun masifa. Ɗauki ciwo guda, ka rubuta shi a jimla ɗaya a saman takarda. Misali: matar da ta fito daga auren duka bayan shekara tara, ta dawo gidan iyayenta da 'ya'ya biyu, kuma kowa a gidan yana jiran ranar da za ta koma. Wannan kaɗai ya ishe ka zango guda. In jimlar ta ƙi tsayawa a layi biyu, labarin bai nuna ba tukuna.

2. Je ka saurara kafin ka rubuta

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ka rubuta fitowa, wato sin, ko ɗaya, nemi mutum uku ko huɗu da suka taɓa shiga irin halin, ka zauna da su. In kai namiji ne kuma mace za ka saurara, tafi da mace, yayarka ko abokiyar aikinka, ita ta ja zancen. Kayan aikinka littafi da biro ne. Kada ka kunna rikodar waya sai an yarda maka a fili, kuma in an ce a kashe, ka kashe a gabanta ta gani.

Kada ka ce "ba ni labarin abin da ya yi miki". Tambayi ƙananan abubuwa: "Yaya, ranar da kika dawo gida, a ina kika kwana? Wa ya fara yi miki magana da safe? Me kika kasa ci?" A irin waɗannan amsoshi fim yake. Wata baiwar Allah ta taɓa gaya mini cewa shekara biyu bayan mutuwar aurenta, in ta ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar gida bayan isha'i, sai ta ga ta miƙe tana gyara shimfiɗa ba tare da ta san ta tashi ba. Da zan kwana ina tunani ba zan ƙirƙiro wannan ba.

Gargaɗi: canza suna kaɗai bai isa ba. Na taɓa yin wannan kuskure. Na canza sunan wata mata da garinsu, amma na bar sana'ar mijinta da yawan 'ya'yanta da wata kalma da uwar mijin ke yawan faɗa mata. Shirin na fita 'yan unguwarsu suka gane ta, har aka riƙa tura mata guntun bidiyon a waya. Na je na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, amma har yau abin yana ci mini rai. Ka canza gari, sana'a, yawan yara, shekaru, ka gauraya labarin mutum uku ya zama ɗaya, yadda ko ita mai labarin sai ta yi da gaske za ta ga kanta. Kuma kada ka yi wa kowa alkawarin kuɗi ko fitowa a fim don ya buɗe maka cikinsa.

3. Tuntuɓi masu ilimin abin

Mutum uku kake buƙata: likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara kan damuwa, malamin fiƙihu, da wanda ya san kotu.

Likitan zai gaya maka yadda firgici ke bayyana da gaske: rashin barci, mugun mafarki, zabura da ƙaramin motsi, saurin fushi da yara, gudun wani wuri ko wani wari. Ba hauka ba ne, kuma ba kowa ne ke yaga riga yana bin titi ba, kamar yadda finafinanmu suka saba nunawa. Akwai irin waɗannan likitoci a Dawanau da Asibitin Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da Maiduguri. In labarinka ya shafi fyaɗe, cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala a Kano da cibiyoyin Salama na jihar Kaduna su ne suka san yadda ake karɓar wadda abin ya shafa. A wurinsu za ka ji, alal misali, cewa maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. In ka saka wannan a bakin wata nas a cikin shirinka, wataƙila ka ceci wata da ba za ka taɓa sani ba.

Malami kuwa zai tsare ka daga kwaɓa a kan saki, idda, hul'i da riƙon yara. Masu kallonmu ba sa yafe kuskuren addini, kuma suna da gaskiya. A nan ma za ka samu abin rubutu: a mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙon yara bayan rabuwa, alhali a gidaje da yawa dangin uba ne ke kwashe su da zarar an yaye. Tsakanin abin da shari'a ta ce da abin da al'ada ke yi akwai kashi uku cur na labari.

Ka je kotun shari'a ko ofishin Hisbah ka zauna a benci ranar sauraron ƙarar aure, ka ji yadda alƙali ke tambaya da yadda waliyyai ke amsawa. Wannan ba ya cin ko sisi sai kuɗin mota.

4. Fara tsarawa daga ƙarshe

Kafin kashi na ɗaya, rubuta fitowar ƙarshe ta zangon. Tambayi kanka: wane abu ne jarumar ba ta iya yi a farko, wanda za ta iya yi a ƙarshe? Ya zama abu ƙarami da ido zai gani. Ta kwana da fitila a kashe. Ta ce wa babanta "Baba, ba zan koma ba" ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Ta ji babur a ƙofa ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Daga nan sai ka yanka takardu goma sha uku, kowace kashi ɗaya, ka manna a bango. A kowace ka rubuta abu biyu: me ta samu, me ta rasa. Warakar zuciya ba ta tafiya a miƙe. In ta samu sauƙi a kashi na biyar, bari wani abu ya mayar da ita baya a na bakwai, bikin ƙanwarta ko zuwan 'yan biko. Wajen kashi na tara ko na goma ne ya kamata ta faɗi abin da ta ɓoye tun farko, kuma ta faɗa wa wanda mai kallo bai zata ba.

Gargaɗi: hanyoyi uku ne marubuta ke bi su gudu daga wahalar wannan mataki, duka ukun ka kauce musu. Na farko, a gano ashe asiri aka yi wa mijin, a karya, kowa ya koma lafiya. Wannan ya wanke mai laifi ke nan. Na biyu, mugun ya yi hatsarin mota ya nemi gafara a gadon asibiti, ita kuma a tilasta mata yafiya cikin minti biyu. Na uku, wani mai kuɗi ya fito ya aure ta a ce ta warke. Yafiya abu ne mai girma a addininmu, amma ta zo daga zuciyarta a lokacinta, kuma yafewa daban, komawa daban.

5. Rubuta tabon, ba saran ba

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

A tsarin finafinanmu namiji ba ya taɓa mace a gaban kyamara. Wasu na ganin wannan takura ce, ni kuwa a irin wannan labari ina ganin ta taimake mu. Ba ka buƙatar nuna mari. Ajiye kyamara a tsakar gida, a kan yarinya 'yar shekara bakwai tana wanke kwano. Daga ɗaki a ji faɗuwar wani abu. Yarinyar ba ta waiwaya ba, sai ta ƙara ƙarfin zuba ruwa don kada ƙaninta ya ji, ta ce masa, "Zo mu je wajen Inna mu karɓo gishiri." Duk wanda ya tashi a irin gidan nan zai gane cewa ba yau ta fara ba.

Haka maganganu. Bahaushe ba ya zama ya ce "ina cikin ƙuncin rayuwa". Cewa yake "lafiya lau" yana kallon ƙasa. Uwar da ke son 'yarta ta koma ɗakinta ba muguwa ba ce. Ita ma haka aka ce mata, ta yi haƙuri shekara talatin, kuma in ta yarda 'yarta na da gaskiya, to nata haƙurin fa? Ba ta wannan nauyin. Bari ta ce, "Ke kin fi mu zuciya ne? Mu da muka zauna, itace ne mu?" sannan da dare a gan ta tana shafa man zafi a kafaɗar 'yar tana barci. Shi ma mijin kada ka yi masa ƙaho. A waje mai fara'a ne, yana gaida dattawa, yana raba wa yaran unguwa alawa. Abin da ya sa ba a yarda da ita ba ke nan, kuma abin da ke faruwa ke nan a zahiri.

Ta fuskar tsari, shafi ɗaya na rubutun fim yana ba da kusan minti ɗaya a allo. Kashi mai minti 40 shafi 40 ke nan, zango mai kashi 13 kuma shafi 520. Kada wannan ya tsorata ka. Rubuta kashi uku na farko cikakku, sauran ka bar su a taƙaice har ka samu mai zuba kuɗi. Ba sai ka sayi manhajar rubutun fim ta Final Draft ba, irinta mai suna Trelby kyauta ce a kwamfuta, kuma ko Word ya isa in ka iya jera fitowa da lamba, wuri, da dare ko rana.

Gargaɗi: in wani zai yi yunƙurin kashe kansa a labarin, kada ka nuna hanyar, kada ka ambaci sunan abin da ya sha, kada kyamara ta tsaya a kan kwalba. Masana lafiya sun daɗe suna jan kunne cewa nuna hanya yana sa masu rauni su kwaikwaya. Fitowar fyaɗe kuma ba a ɗaukarta sam. A fara daga washegari.

6. Ba soyayya wurinta, kada ta wuce

Masu kallo suna son soyayya, kuma babu laifi. Sai dai sabon masoyin ba likita ba ne. Aikinsa ya jira, ya yi kuskure, ya ɗaga murya sau ɗaya cikin wasa ya ga yadda ta ƙanƙame jikinta, ya koyi yin magana a hankali. Kada ka shigo da shi kafin tsakiyar zango. Kuma ka tuna ƙaunar da ta fi warkarwa a gidajenmu sau da yawa ba ta saurayi ba ce: ta gwaggon da ta ba ta ɗaki ba ta tambaye ta komai ba, ko ta ƙanin da ya sayar da wayarsa ya saya mata keken ɗinki.

7. Kasafin kuɗi

Ba zan ba ka jimla ba, domin farashin fetur da hayar kaya na sauyawa kafin ka gama rubutu. Abin da zan ba ka shi ne yadda ake lissafin. Kuɗin fim kwanaki ne. In za ku iya ɗaukar abin da zai ba da minti 15 a rana, shafi 520 zai ci muku kusan kwana 35. Sai ka nemo farashin rana ɗaya ka ninka: hayar kyamara da fitilu, mai ɗaukar hoto, mai ɗaukar sauti, mai kwalliya, mai kula da kontinuiti (wato kada sutura ko kayan ɗaki su sauya tsakanin fitowa da fitowa), janareta da mansa, abincin mutum ashirin ko fiye sau biyu, motar jigila, da hayar gidan da za a yi aiki. A kan wannan ka ɗora sallamar 'yan wasa, kuɗin edita, kiɗa, da kuɗin hukumar tacewa. Sannan ka ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ka manta da shi, don ruwan sama ko rashin lafiyar jaruma.

Sa'ar da ka yi ita ce labarin cikin gida ba ya son wurare da yawa. Gida biyu, zaure, asibiti, kotu, shi ke nan. Ka tara duk fitowar da ke gida ɗaya ka ɗauke su a jere. In kuɗi ya gaza, rage 'yan wasa, rage wurare, amma kada ka taɓa kuɗin sauti. Shirin da rabinsa raɗa ce da shiru, in ƙarar janareta ta shiga ciki ya mutu. Ka sayi doguwar waya a kai janareta bayan gida na uku.

Rubuta yarjejeniya da kowa, har da marubuci in ba kai ba ne: nawa, yaushe, kuma wa ke da mallakar labarin in aka zo zango na biyu.

8. Je hukumar tacewa tun kafin ka kunna kyamara

In a Kano za ka yi aiki ko ka fitar, Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ita ce ƙofarka. Ka je da kanka ka tambayi sharuɗɗan rajista da kuɗin dubawa na wannan lokaci, ka kuma yi musu bayanin fitowar da kake ganin za ta iya jawo magana. Kada ka ɗauka don a YouTube za ka saka ba ruwansu: a watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango guda 22 saboda an sake su ba a kai mata ta duba ba, ciki har da manya da kowa ya sani. Gyara a takarda kyauta ne, sake ɗaukar fitowa bayan an tashi daga lokeshan kuwa kuɗin rana guda ne.

9. 'Yan wasa da ranar ɗauka

Wajen zaɓen jaruma kada ka gwada ta da kuka, kowa ya iya kuka. Ba ta fitowar da za a gaya mata magana mai zafi ita kuma ba ta da amsa, ka kalli fuskarta da hannuwanta. Wadda ta iya riƙe hawaye ita kake nema.

Kafin ranar fitowa mai nauyi, ka zauna da ita a gefe ka tambaye ta ko akwai abin da ya taɓa ta a ciki. Ba ka san abin da mutane ke ɗauke da shi ba. A ranar, rage mutane a ɗakin, darakta da mai kyamara da mai sauti da mace ɗaya da ta yarda da ita sun isa. A hana ɗaukar bidiyo da waya. Kada a maimaita fiye da sau uku, kuma kada a saka irin wannan fitowa a ƙarshen yini lokacin da kowa ya gaji. A yi ta da hantsi, a bi ta da mai sauƙi. In darakta ya ce a yanke amma kukan bai tsaya ba, a dakata da aiki, a ba ta ruwa da lokaci, kada wani ya yi tafi.

Gargaɗi game da yara: sai da izinin iyaye a rubuce, kuma uwa ko yayar yaron tana wurin. Kada a tsorata yaro ko a yi masa tsawa don ya yi kukan gaske. Ɗauki fuskarsa daban, ihun manya daban, edita ya haɗa. Yarinyar nan mai wanke kwano ba sai ta ji komai ba. Ce mata kawai ta zuba ruwa da ƙarfi ta kira ƙaninta.

Kowane dare a kwafe abin da aka ɗauka a ma'ajiya biyu, a ajiye su a hannun mutum biyu, kafin a goge katin kyamara.

10. Haɗa hoto da sauti

Manhajar haɗa hoto ta DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta da ya isa wannan aiki. Babban kuskuren editocinmu shi ne kiɗan tausayi daga farkon fitowa har ƙarshe, kamar ana tsoron mai kallo ba zai gane abin baƙin ciki ba ne. Cire shi. Bar ƙarar tsintsiya, kukan akuya, kiran sallah daga nesa. Hoton tuna baya kuma kada ya wuce daƙiƙa kaɗan, kada a maimaita guda ɗaya a kowane kashi don cika lokaci. Kiɗan da za ka saka ya zama naka ne ko ka saya, in ba haka ba YouTube zai gano mai shi ya juya masa kuɗin tallan.

Kafin ka kai hukuma, nuna kashi uku na farko ga likitan nan da malamin nan, da ɗaya daga cikin matan da ka saurara in ta yarda. In ta ce "ba haka ake ji ba", koma teburin edita.

11. Fitarwa

Hanya biyu ce: tashar talabijin irin Arewa24, ko tasharka ta YouTube. In tasha kake nema, kai musu kashi na ɗaya a kammale da taƙaitaccen labarin zangon gaba ɗaya, ka karanta yarjejeniya da kyau a kan wa ke da haƙƙin sakawa a intanet. In YouTube ne, ba za ka fara samun kuɗin talla ba sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma labarin cin zarafi yakan gamu da alamar dala mai ruwan ɗorawa, wato an rage masa talla. Saboda haka ka nemi masu ɗaukar nauyi tun da wuri, kada ka dogara da talla kaɗai. Kada ka fara saki sai kana da aƙalla kashi shida a hannu, don kada mako ya zo ba ka da abin sakawa.

Hoton da za ka ɗora a fuskar bidiyo kada ya zama na mace da kumburarren ido da jan rubutu. Zai jawo dannawa, amma waɗanda ka yi shirin dominsu za su tsallake shi. A farkon kashi mai nauyi saka gajeren rubutu cewa akwai abin da zai iya tayar da hankali. A ƙarshen kowane kashi kuma saka sunan wuraren da ake samun taimako, bayan ka je da ƙafarka ka tabbatar suna aiki kuma sun yarda a ambace su. Sannan ka sanya mutum ɗaya, zai fi kyau mace mai hankali, ta riƙa duba saƙonnin da za su shigo daga daren farko, domin a cikin masu yabo da masu zagi za a samu wadda za ta rubuto cewa labarinta ne, tana tambayar inda za ta je.